Aikin lab a jami'a: ta wace ƙofa ake shiga, kuma me ake tambaya ranar intabiyu?

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Tambaya gare ni. Wanda ya karanta kemistiri ko baiyoloji ko fiziks, ya fita da 2:1, ya gama bautar ƙasa, kuma ransa na son aikin bincike a jami'a irin ABU ko BUK, ta ina zai fara? Duk wanda ka tambaya sai ya ce maka nemi lakcarin. In ba koyarwa ba, babu wani gurbi ne a ɗakunan gwaje-gwajen nan? Kuma in an tashi ɗauka, me ake dubawa?

Malam Mai Sikeli:
Wa alaikumus salam ƙanina. Kafin ka rubuta ko layi ɗaya, ka san ƙofofin uku ne, kuma wadda ka shiga ta cikinta ita ce kan bi ka har ritaya.

Akwai ƙofar malamai, masu karɓar albashi a tsarin CONUASS, mataki 1 zuwa 7. Mai digirin farko da ya fita da daraja ta ɗaya ko 2:1 yana shiga a GA, wato malami mai koyon aiki, mataki na 1. Mai digiri na biyu mataimakin lakcara ne, mataki na 2. Mai digirin digirgir yakan fara daga Lakcara II, mataki na 3, daga nan Lakcara I, babban lakcara, rida, sai farfesa a mataki na 7. A cibiyoyin bincike da ke ƙarƙashin jami'a za ka ji ana kiran wasu da sunan masu bincike maimakon lakcarori, amma tsanin ɗaya ne, kuma da takardun binciken da ka wallafa ake hawa shi.

Sai ƙofar teknolojis, su ne masu riƙe da lab ɗin kansa. Albashinsu a tsarin CONTISS yake. A yawancin jami'o'i mai HND ko digiri yana farawa a Teknolojis II, mataki na 7, ya je 8, ya je 9, sannan ya tsallake 10 ya faɗa 11, har ya kai cif a 13. Ƙungiyarsu ita ce NAAT, ta teknolojis na jami'o'i, ba ASUU ta malamai ba.

Ta ukun kuwa ita ce mutane suka fi mantawa da ita: aikin kwantiragi a ƙarƙashin wani bincike da ya samu tallafin kuɗi. Wannan ba jami'a ce ta ɗauke ka ba, binciken ne ya ɗauke ka, ranar da kuɗinsa ya ƙare aikinka ya ƙare.

Sarkin Shakka:
Malam, da girmanka, duk wannan lissafi ne na takarda. In ba ka da wani a sama, ko mataki na 1 ba za ka gani ba. A daina wahalar da yara da fotokwafi.

Hajiya Mai Lab:
Sarkin Shakka, ba a ce babu alfarma ba, kowa ya san akwai. Amma maganarka rabi ce. Ƙa'idar Hukumar Daidaito a Ayyukan Tarayya ita ce a tallata gurbi a jaridu aƙalla biyu masu yawo a faɗin ƙasa, a ba masu nema mako shida. Ana kauce mata, musamman da sunan cike gurbin wanda ya rasu ko ya yi ritaya, wannan gaskiya ne. Inda alfarma take gajiya shi ne gaban inji. Shugaban sashen da aka kawo wa na'urar miliyoyin naira daga TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ta shekara a cikin kwali saboda babu mai iya kunna ta, in ya samu yaron da zai tayar da ita shi da kansa zai bi fayil ɗin yaron ofis-ofis. Haka mai bincike da ke cin tallafin waje: duk wata shida ko shekara sai ya kai rahoto, in sakamako bai fito ba a yanke kuɗi. Irin wannan ba ya ɗaukar ɗan'uwansa da bai iya riƙe fifet (bututun ɗiban ruwan gwaji da awo) ba, ko da yana so.

Sarkin Shakka:
To Hajiya, kin ga ke ma kin dawo kan kwantiragi. Aikin da ba fansho, ba tabbas.

Hajiya Mai Lab:
Ba fansho na jami'a, haka ne. Ma'aikacin dindindin ana cire masa kashi 8 na albashi, gwamnati ta zuba kashi 10 a asusun fanshonsa, ya yi ritaya a shekara 65, farfesa a 70. Ɗan kwantiragi sai abin da takardarsa ta ce, shi ya sa ake karanta ta kafin a sa hannu: wata nawa ne, wa ke biya, da naira ne ko da dala, akwai inshorar lafiya, kuma za a sa sunanka a takardun da za a wallafa ko kuwa godiya kawai za a yi maka a ƙarshen shafi. Wannan na ƙarshen shi ne ribar aikin. Shekara biyu a kwantiragi da takarda biyu masu sunanka sun fi shekara biyu a gida kana jiran talla a jarida. Kuma ka tuna yajin aikin ASUU na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas, aka riƙe albashi. Dindindin ɗin ma yana da nasa ciwon.

Dakta Na-Shika:
Bari in ɗan faɗaɗa wa Ɗan Gwale taswirar, domin mutane in an ce ABU sai su hango ajujuwa kawai. A Samaru akwai IAR, cibiyar binciken aikin gona da ta girmi jami'ar kanta: an kafa ta 1922, jami'a kuwa 1962. Daga nan irin masara da ake kira SAMMAZ, da dawa SAMSORG, da gyaɗa SAMNUT suke fitowa, da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar kwanso da aka fitar a 2019. Kafin iri ɗaya ya fita sai an auna ƙasa, an auna sinadarin gina jiki a ƙwayar, an duba cuta, an duba ƙwayar halitta. Kowane ɗaya lab ne da ma'aikatansa. A Shika akwai NAPRI ta dabbobi, inda kazar Shika Brown ta fito, su kuma kullum cikin auna abincin dabbobi suke. Akwai CERT ta makamashi, mai tukunyar nukiliya ta bincike. Akwai cibiyar ACENTDFB da ke aiki kan cututtukan wurare masu zafi da aka yi watsi da su, wadda aka kafa da tallafin Bankin Duniya. A BUK kuma akwai CDA ta noman yankuna masu ƙarancin ruwa, ita ma ta shiga wancan tsari na Bankin Duniya. Wajen jami'a amma kusa da ita, IITA da ICRISAT, cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa, duk suna da ofis a Kano, kuma suna ɗaukar masu taimaka wa bincike.

Shawarata ga mai kemistiri: kada ya tsaya a sashen kemistiri kaɗai. Lab ɗin ƙasa, na abincin dabbobi, na harhaɗa magunguna, na ruwa, duk kemistiri ake yi a ciki, kuma masu neman can ba su kai yawan masu neman lakcarin ba.

Ɗan Gwale:
Na gode Dakta. To in mutum ya zaɓi teknolojis, digirin kawai ya isa?

Malam Mai Sikeli:
Bai isa ba. Yawancin tallace-tallacen za ka ga an ce sai mai rajista da NISLT, hukumar da dokar 2003 ta ba ikon kula da sana'ar fasahar lab, hedikwatarta a Ibadan. Wanda ya karanta SLT, wato kwas ɗin fasahar lab, kai tsaye yake neman rajista. Wanda ya karanta zallar kemistiri ko fiziks ya tuntuɓe su ya ji sharaɗin da ya hau kansa tun kafin talla ta fito, domin mako shida ba ya isar mutum ya fara rajista ya gama. In lab ɗin na asibitin koyarwa ne, inda ake taɓa jinin majiyyaci, wannan hurumin MLSCN ne, hukumar masanan lab na asibiti, sai mai lasisinta na shekarar. Mai digirin maikurobaiyoloji ko baiyokemistiri ba ya zama masanin lab na asibiti da digirinsa kawai, a nan mutane da yawa suke ɓata kuɗin mota. In wokshop ne na injiniya, rajistar COREN, hukumar injiniyoyi, ake tambaya.

Sauran takardu kuwa sanannu ne: sakamakon sakandare mai kiredit biyar har da Turanci da lissafi, satifiket na digiri, na bautar ƙasa ko na yafewa, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma. Abin da ke kayar da mutane ba rashin takarda ba ne, saɓani ne tsakaninsu. A WAEC Muhammad, a digiri Mohammed, a NIN an sa sunan mahaifi a gaba, ranar haihuwa ta bambanta da shekara guda. Ma'aikacin rajistara da ke tace takarda dubu ba zai kira ka ya tambaya ba, gefe zai ajiye. A gyara wannan da rantsuwar kotu da sanarwar jarida tun yau.

Ummu Hanif:
Ƙari a kan na Malam: alƙalai uku da ake cewa ka kawo. Ba sunayensu kawai ake so ba. Su ne za su rubuta wa rajistara wasiƙar sirri kai tsaye, kuma in biyu suka aika ɗaya bai aika ba, fayil ɗinka bai cika ba. Ka sanar da su da wuri, ka ba su kwafin tallar da CV ɗinka, ka bi sawu cikin ladabi. Ɗaya a cikinsu ya zama wanda ya duba furojet ɗinka, wanda ya ga hannunka a lab. Wasiƙar babban mutum da bai taɓa ganinka riƙe da buret (dogon bututun gilashi mai auna ruwan da ake ɗigawa) ba, layi uku ce ta "yaron kirki ne", ba ta da nauyi a gaban kwamiti.

Baban Walida:
Ni abin da nake so a yi magana a kai shi ne gwajin hannu. Yara suna haddace ma'anar abubuwa su zo, sai a miƙa musu kwalba a ce haɗa mana kaza, gumi ya karyo.

Malam Mai Sikeli:
Ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi, Baban Walida. Tambayar da ta fi yawa ita ce: haɗa mana NaOH, wato soda mai ƙuna, mai ƙarfin mola 0.1, ma'ana mol 0.1 a kowace lita. Nauyin mol ɗaya giram 40 ne, don haka lita ɗaya giram 4.0, mil 250 kuwa giram 1.0. Wannan kowa ya iya. Inda ake rarrabe wanda ya yi aiki da wanda ya karanta shi ne abin da ya biyo baya. Ba a narka shi a cikin filas ɗin awo, a bika ake narkawa da ruwa kaɗan, domin yana fitar da zafi, a bar shi ya huce, a juye, a ɗauraye bikar sau biyu ko uku a zuba a ciki, sannan a cika zuwa layi, ido daidai da layin. In ka cika shi da zafi, yana hucewa ruwan zai sauka ƙasa da layi.

Sai su tambaye ka: yanzu wannan mola 0.1 ne daidai? In ka ce e, ka faɗi. NaOH yana shan laimar iska da iskar kabon tun yana kan sikeli, abin da ka auna ba zallarsa ba ne. Sai an tantance ƙarfinsa da KHP, wani garin asid da ake gwada ƙarfi da shi, da aka busar a oben wajen digiri 110. Giram 0.51 na KHP yana cin kusan mil 25 na NaOH ɗin, da ɗigon finoftalin mai canza launi, har ruwan ya yi hoda-hoda mai haske ya tsaya kamar daƙiƙa 30. A maimaita sau uku, karatun ya zo kusa da juna. Kuma ba a ajiye shi a kwalbar gilashi mai murfin gilashi, murfin zai like, a roba ake zubawa.

Na asid kuma: HCl mai kauri na kwalba wajen kashi 37 ne, kusan mola 12. Lita ɗaya ta mola 0.1 tana buƙatar kusan mil 8.3. Ruwa ake fara zubawa, sannan asid a kansa a hankali, a cikin akwatin zuƙe hayaƙi. Wanda ya zuba ruwa a kan asid mai kauri, musamman salfurik, intabiyunsa ya ƙare a nan, in ya tsira da fuskarsa.

Hajiya Mai Lab:
A ɓangaren ƙwayoyin cuta otokilef, tukunyar da ke kashe ƙwayoyin cuta da tururi, shi ne ma'auni. Kowa zai ce digiri 121, matsin fam 15, minti 15. Tambayar ita ce daga yaushe ake fara ƙirga mintin. Daga lokacin da zafin ya kai 121 ne, ba daga kunnawa ba. Kuma sai an bar tururi ya kori iskar ciki tukuna kafin a rufe bawul, in ba haka ba allurar matsi za ta nuna 15 alhali zafin bai kai ba, ka zuba aga, abin da ake shuka ƙwayoyin cuta a kai, a faranti gobe ka tarar da tsiro a wanda ba ka shuka komai ba. Murfin kwalba a sassauta shi, kada a cika ta fiye da kashi biyu cikin uku, in ruwan ya kai lita ko fiye a ƙara lokaci. Tef ɗin da ke canza launi yana nuna kayan sun ga zafi ne kawai, ba ya nuna sun tsarkaka. Mai nuna wannan shi ne kwalbar gwaji mai ƙwayar Geobacillus.

Sai ƙananan abubuwa da ake kallo ba tare da an tambaya ba. Ka daidaita bututu biyu masu nauyi ɗaya suna fuskantar juna a santirifuj, injin da ke juya samfur da gudu? Ka kwantar da fifet da ruwa a bakinsa? Ka rubuta suna da kwanan wata a jikin kwalba? In aka ce ka haɗa ethanol kashi 70 daga na kashi 96, mil 729 ne a cika zuwa lita. Mitar pH mai auna tsami kuma ana saita ta da bafa, ruwan da aka san pH ɗinsa, mai 7 da farko, sai 4 ko 10 gwargwadon abin da za a auna, kuma bakinta a ruwan KCl ake ajiye shi. Wanda ya bar shi a tataccen ruwa yana ganin tsafta ya yi, alhali kashe shi yake yi a hankali.

'Yar Tudun Wada:
Hajiya, don Allah, in jami'ar da mutum ya yi ba ta ba shi damar taɓa waɗannan abubuwa ba fa? Wasunmu mutum arba'in ne a kan buret ɗaya.

Hajiya Mai Lab:
'Yata, wannan ciwon na kowa ne. Maganinsa wata uku zuwa shida na aikin sa kai. Ki rubuta wa shugaban sashe ko daraktan cibiya takarda, ki ce kina neman izinin koyon aiki a lab kaza, ƙarƙashin cif teknolojis, daga wata kaza zuwa wata kaza. Ki buɗe littafi ki riƙa rubuta duk abin da kika yi da kwanan wata, cif ya sa hannu duk mako. Da wanke gilashi za a fara ki, kada ki raina, a nan ake gane mai haƙuri. In kin gama ki karɓi wasiƙa mai kan ofis da ta ambaci injinan da kika yi aiki da su da sunansu. Wanda bai tafi bautar ƙasa ba tukuna, ya yi ƙoƙari a tura shi irin wannan wuri, shekara guda ce kyauta.

Injiniya Ɗan Kawo:
Ku ba ni dama in shigo da abin da ba a koyarwa a aji, kuma shi ne ke sa a riƙe ma'aikaci hannu biyu: sanin abin da ke kashe inji a ƙasarmu. Uku ne, wuta, ƙura, ruwa.

Injin GC-MS, mai rarrabe sinadarai ya gane su, yana aiki ne cikin wurin da aka zuƙe wa iska, famfonsa ba ya son a kashe shi. In wuta ta ɗauke babu UPS, wato batirin ko-ta-kwana, iska ta shiga alhali cikin yana da zafi, sai a yi asarar kolum (bututun da ke rarrabe sinadaran) ko filamen, kuma bayan an tayar sai an jira awoyi kafin a yarda da karatunsa. Ba kowane UPS ba, irin wanda injin ke shan wuta daga batir kullum ake so, domin ƙiftawar da ake samu lokacin sauyawa daga wutar gari zuwa janareta ta isa ta sa ya mutu. Firizar da ke sauka zuwa digiri 80 ƙasa da sifiri kuwa zafi take fitarwa kamar murhu, in ɗakin babu AC kwamfaresa zai ƙone. Matatar iskarta ta gaba a lokacin hunturu sai an kakkaɓe ta duk mako biyu ko ƙasa da haka. In wuta ta tafi kada a buɗe ƙofar don a duba, buɗewar ce ke cinye sanyin. Samfurin shekara biyar na ɗalibai goma yana iya narkewa a ƙarshen mako guda saboda ba a rubuta lambar wanda za a kira a jikin ƙofa ba.

HPLC kuma, injin da ke rarrabe sinadarai a cikin ruwa, gishiri ne ajalinsa. A tace ruwan da zai bi ta ciki da matata mai ramin maikuron 0.45, a cire masa kumfa. In an yi aiki da bafa, kada a kashe a tafi gida: a wanke layin da ruwa mai ɗan methanol, sannan a ƙara methanol ɗin. In ba haka ba gishiri ya daskare a kolum, da safe matsi ya haura, kolum ɗin da sai an yi odarsa daga waje ya tafi. A injin AAS mai auna ƙarafa a samfur, tukunyar gas ɗin asitilin a tsaye take zama daure da sarƙa, ba a haɗa ta da bututun jan ƙarfe, kuma ba a shanye ta ƙarƙaf. In matsin ya sauka wajen 5 zuwa 7 a ma'aunin bar a canza, domin daga nan asiton ɗin da ke ciki yake biyo gas ya lalata bawul.

Ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri yana toshe injin tace ruwa da farin dutse, sai an riƙa wanke shi. Sikelin awo mai lamba huɗu bayan ɗigo kuwa, a hunturu za ka ga lambar ƙarshe tana rawa ba ta tsayawa, ba lalacewa ya yi ba, bushewar iska ce ke tara wa roba da gilashi caji. Matashin da zai faɗi rabin wannan a gaban kwamiti, cif ɗin da ke zaune a gefe zai gyara zama.

Ɗan Gwale:
Allah Ya saka, Injiniya. Dakta ya ambaci CERT. Mai fiziks ne kawai ke shiga can?

Dakta Na-Shika:
A'a. Tukunyar, NIRR-1, ƙarama ce ƙirar Sin, wajen kilowat 30, ta fara aiki 2004, kuma a 2018 aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyom mara ƙarfi sosai, aka mayar da tsohon Sin. Ba lantarki take bayarwa ba. Babban aikinta shi ne a saka samfurin ƙasa ko dutse ko abinci, a harbe shi da niyutiron, a auna hasken da yake fitarwa, a gane sinadaran da ke ciki da yawansu. Don haka ana buƙatar mai fiziks, da mai kemistiri da zai shirya samfur, da mai ilimin duwatsu, da mai gyaran lantarki da na'urori. Wanda zai yi aiki kusa da haske mai cutarwa yana ƙarƙashin dokokin NNRA, hukumar kula da harkar nukiliya ta Najeriya: yana rataye ɗan bajo mai auna abin da jikinsa ya sha, kuma iyakar ma'aikaci ita ce milisibat 20 a shekara in an raba a kan shekara biyar. Mace mai juna biyu ta sanar da wuri, domin iyakarta ta fi wannan ƙasa nesa ba kusa ba.

Baban Walida:
Tambayar da na san tana ransa bai yi ba: in ya shiga a teknolojis, zai iya tsallakawa zuwa lakcarin daga baya?

Malam Mai Sikeli:
Ana yi, amma ba haƙƙi ba ne, kuma kada ya shiga da wannan niyya kawai. Sai akwai gurbi a sashen, sai digirinsa na farko ya kai darajar da ake ɗaukar malami da ita, sai ya yi digiri na biyu ko na uku, sannan kwamitin naɗe-naɗe ya amince. Sau da yawa kuma matakin da takardunsa suka ba shi a tsanin malamai za a ɗora shi, ba a lissafa masa shekarun da ya yi a wancan tsani yadda yake zato. Mai HND sai ya bi ta PGD, difilomar share fage, kafin digiri na biyu, kuma wasu jami'o'i ko da ya yi haka ba sa mayar da shi malami. Shi ma GA ba hutu yake ba: ana ba shi wa'adin gama digiri na biyu, in ya wuce ana iya sallamarsa.

Sarkin Shakka:
Wato dai teknolojis ɗan bora ne. Ya yi aikin, farfesa ya sa suna.

Ummu Hanif:
Yana faruwa, ba musu. Amma ƙa'idar mujallun kirki ita ce wanda ya ba da gudummawa ta ilimi, kamar tsara hanyar awo ko fassara sakamako, yana da haƙƙin suna. Wanda ya danna maɓalli kawai, godiya ce tasa. A yi wannan magana kafin a fara aiki, ba bayan an tura takarda ba. Kuma a guji mujallun da ke turo saƙo su ce kawo kuɗi a buga maka cikin kwana uku. Kwamitocin ƙarin girma sun fara tace su, na waje kuwa suna ganin irinsu a CV suke rufewa. A duba ko mujallar tana cikin Scopus, kundin mujallun da aka tantance, a buɗe ORCID, lambar shaidar mai bincike, kyauta ne.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. A wajenmu Nijar tsarin ya ɗan bambanta. Malaman jami'a masu bincike suna hawa ne ta CAMES, hukumar da ke Wagadugu, wadda ƙasashe da yawa masu Faransanci suka haɗu a kanta. Ba jami'arka ce kaɗai ke duba dosiyenka, wato fayil ɗin takardunka, ba, can ake kai shi malamai na wasu ƙasashe su yanke. Kuma da doktora ake shiga wannan layi, lisansi, wato digirin farko, ko masta ba su isa ba. Masu aikin lab suna cikin rukunin ma'aikatan mulki da fasaha. Wuraren da ake dubawa: Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wadda ke da cibiyar radiyo-izotof, Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, INRAN ta noma, CERMES ta lafiya, da ICRISAT a Sadore kudu da Yamai. Ɗan Najeriya mai son nan ya koyi Faransanci, ɗan Nijar mai son IITA ko ICRISAT ya dage da Ingilishi, da shi ake rubuta rahoto.

'Yar Tudun Wada:
Na waje fa, ana samu ba tare da mutum ya biya kuɗin makaranta ba?

Dakta Na-Shika:
A kimiyya, digirin digirgir a ƙasashe da dama aiki ne da albashi. A Jamus ana tallata shi kamar kowane gurbi, a matakin albashi na E13, ana biyan kashi 50 zuwa 75 na cikakken albashin, galibi shekara uku, kuma digiri na biyu ake nema. Sai dai dokarsu ta kwantiragin masu bincike ta sa iyaka: shekara shida kafin doktora, shida bayanta, don haka kujerar dindindin can ma wuya gare ta. Shafin Euraxess yana tara irin waɗannan guraben na Turai. A Saudiyya akwai KAUST a Thuwal, arewa da Jidda, an buɗe ta 2009, babu digirin farko a cikinta, da Ingilishi ake karatu, kuma wanda aka ɗauka ana ɗauke masa kuɗin makaranta da masauki, a ba shi alawus. Duk inda za ki nema, wasiƙa ɗaya da aka aika wa farfesa hamsin ba ta samun amsa. Ki karanta takardarsa ta kwanan nan, ki ambaci hanyar awon da ya yi amfani da ita, ki faɗi wadda hannunki ya taɓa, a layi goma.

Hajiya Mai Lab:
Kuma gida da waje, duk wanda ya ce a turo kuɗin fom ko na "gurbi" ta asusun wani mutum, ɓarawo ne. Takardar ɗauka daga ofishin rajistara take fitowa. Bayanta akwai gwajin lafiya, da tantance takardu na asali, da buɗe fayil, sannan a zauna a matsayin gwaji shekara biyu ko uku, gwargwadon dokar jami'ar, kafin a tabbatar da mutum.

Ɗan Gwale:
Na fahimta iyayena, Allah Ya ƙara girma. Abu ɗaya ya rage: a CV, injin da na gani ana aiki da shi amma ban taɓa da hannuna ba, in rubuta shi?

Malam Mai Sikeli:
Ka raba su gida biyu, ƙanina: waɗanda ka yi aiki da su kai kaɗai, da waɗanda ka shirya musu samfur wani ya kunna. Ka rubuta kamfanin da lambar ƙirar in ka tuna. Cif ɗin da ke kwamiti daga jerin farko zai zaɓi ɗaya, ya tashi da kai zuwa lab, ya nuna maka soket ya ce bismillah.